Allunan Ƙofar Gidan Delbert

Shekara talatin ina maƙwabtaka da Delbert Kruse a ƙauyenmu na Minnesota, ban taɓa ganin ɗan bi-yarima-a-sha-kiɗa irinsa ba. Manomin masara ne, amma abin da ya fi iya shukawa shi ne allon jam'iyya a ƙofar gida. Biyu ya ajiye a rumbu, ja da shuɗi, kowane launi na jam'iyya ɗaya. Duk sanda majalisar dattawan jiha ta sauya hannu, washegari sai ya tuge na waɗanda suka faɗi, ya kafa na masu nasara, ya tafi shagon gahawa yana bugun ƙirji.

Bara kujerar mazaɓarmu ce ta raba gardamar wanda zai riƙe majalisar. Ya yi gaggawar kafa ja, aka sake ƙirga, shuɗi ya ci da ratar ƙuri'a tara. Ko kunya babu, ya sauya allo ya shigo shagon ya same ni.

"Lorna, da ban fito ba da mun sha ƙasa!"

Na ce, "Ka fito ina, Delbert? Ni ke riƙe da rajistar rumfar zaɓenmu tun kana da gashi a ka. Ban taɓa ganin sa hannunka ba."

Ya ce gahawarsa ta huce, ya fice.