Baƙon da ya koma da Maikano bakin akushi

A Yekuwa, zamanin mulkin Faransa, ba wanda ya kai Maikano mai haƙar rijiya cin tuwo. Akushi biyu yake sharewa, sannan ya tambayi ƙanzo.

Sai ciwon daji ya fito masa a wuya. Aka kai shi Damagaram, wani lokotoro, wato likita, Bafaranshe ya yanke ƙarin, ya ce ya koma gida ya riƙa ci yana ƙoshi. Amma tsofaffi sun riga sun gaya masa wai abin da mutum ya ci, shi daji yake ci ya girma. Maikano ya ƙudurta zai kashe shi da yunwa. Daga kurɓin kunu sai ruwa. Matarsa Daso ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, duk a banza. Mutum ya koma kamar karan dawa, har muka fara fid da rai da shi.

Ana nan sai ga taubashinsa Hammadu, makiyayi daga Dogo-Dogo, shi ma gwanin loma. Daso ta kawo musu tuwon hatsi da miyar kuka, man shanu na yawo a sama.

Maikano ya ce, "Bismilla."

Hammadu ya ce, "Ni baƙo in riga maigida sa hannu? Ba haka aka rene ni ba."

Maikano ya gutsura kaɗan, ya janye hannu. Hammadu ya gutsuri daidai wannan, shi ma ya janye, ya yi hamdala da ƙarfi don maƙwabta su ji. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki. Cikin Hammadu na ƙugi, amma ya ce ba inda za shi.

Maikano ya gaji. "So kake a ce baƙo ya rame a gidana?"

"Ai mata sun fara faɗa a bakin rijiya. Wai ciwo ya warke, rowa ta kama ka."

Wannan magana ta fi masa wuƙar lokotoro zafi. Ya jawo akushi a fusace, yana loma yana zagin Hammadu, Hammadu na biye da shi loma da loma. Can sai ƙamshin daddawa ya ratsa Maikano, idanunsa suka kawo ruwa.

"Daso, da ma haka miyarki take?"

"Haka take, Malam. Kai ne ka yi nisa."

Ya suɗe hannu, ya miƙa mata akushin.

"Akwai ƙanzo?"