Alayyafon Gidan Duban Taurari

Wata biyu ke nan da na baro La Courneuve, unguwarmu da ke gefen Paris, na kama aiki a lambun wani gidan duban taurari, kan tudu a bayan garin Lyon. Gwaji ake mini na wata uku, in na yi kyau a riƙe ni. Tun ranar farko shef ɗinmu, wato shugaban masu aikin lambun, wani dattijo marar fara'a, ya nuna mini tsohon zanen lambun, ya ce kowane fure yana nan inda magabata suka ajiye shi. Ban da taɓawa, ban da matsarwa.

Ranar da ake buɗe wa jama'a ƙofa, Inna, yayar uwata, ta hawo jirgin ƙasa daga Paris don ta ga wurin aikina. Na zaunar da ita a benci, na tafi jera kujeru wajen babban madubin hangen taurarin. Minti ashirin kawai fa!

Da na dawo, jajayen furanni masu reto da ke gaban ginin babu ko ɗaya. Inna na duƙe a tsakiyar fangalin, mayafinta cike da ganye.

"Inna! Me kika yi?"

"Ke, rage murya. Alayyafo ne, an bar shi ya yi kai. A Maraɗi wa ke barin garka haka? Na karye masa kawunan, sati biyu za ki ga toho."

"Kawunan ake so, Inna! Su ake zuwa kallo!"

"Kallo? Abin miyar?"

Sai ga shef. Ya dubi fangalin, ya dubi mayafin, bakinsa a buɗe. Inna ta gaishe shi har da tambayar iyali, ta zungure ni: "Gaya masa ba sai ya gode ba."

Ban fassara ba. Na ce masa uwata ce, ni na kawo ta, laifina ne. Shef ya duƙa yana tsintar jajayen kawunan ɗaya-ɗaya.

Ranar Litinin ya kira ni ofis. Bai kore ni ba, amma ya ƙara mini wata uku na gwaji, ya ɗauke ni daga furanni ya mayar da ni sharar tsakuwa. Na buga wa Inna waya ina huci. Ta saurara har na gama, sannan ta ce in riƙa ba alayyafon ruwa da safe.