Ni Na Shafa Wa Kwanonta Jan Fenti

A lokacin ina 'yar shekara goma sha shida a wani ƙauye kusa da Dalijan, ƙasar Gwandu. Ni ce babba a ɗakinmu, ga rawar kai, ga son a ce na iya. Ƙanwata kuwa, mai shekara goma sha biyu, aku ce. In muna daka sai ta ƙirƙiro waƙa, ta jefa sunan duk wanda ya gitta a ciki, har Baba bai tsira ba. Kwano ɗaya muke ci mu huɗu 'yan ɗakinmu, ita ce mai tsince kifin miya, ni ce mai buge mata hannu. Wallahi har yau in na ji ƙamshin miyar kuka da busasshen kifi, sai kewar wannan zama ta kama ni.

Wata rana da damina, ƙanwar tawa ta faɗi a bakin rijiya, jikinta na jijjiga, kumfa na fita daga bakinta. Aka ce farfaɗiya ce. Tsofaffin gida suka ce ana ɗaukar ciwon ta yawu, a raba mata kwano da moɗa. Ba wanda ya aike ni, ni da kaina na samo guntun jan fenti na shafa a gindin kwanonta, don kada a haɗa wajen wanke-wanke. Inna har yaba mini ta yi.

Baba bai yi sakaci ba. Ya kai ta asibiti a Birnin Kebbi, aka ɗora ta kan magani, faɗuwar ta ragu sosai. Amma kwanon na nan. An hana ta rijiya, an hana ta murhu, makaranta ma ta bari tun da yara suka fara matsawa daga kusa da ita. Sai ga ciwon kai. Ta ɗaure goshi tamau da ɗankwali, ta juya fuska bango tun hantsi har la'asar. Waƙa ta ɗauke, abinci sai ta ɗan taɓa ta ture. Mu kuwa har murna muke yi, wai yarinya ta girma ta yi hankali. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to mu ba mu duba ba. Ranar da ta ce mini da ma Allah ya ɗauki ranta kowa ya huta, faɗa na yi mata, na ce ta yi istigfari.

Goggonmu mai sayar da kifi a Kalgo ce ta zo, ta yi mata kallo ɗaya, ta tafi da ita. Bayan wata biyu na je dubo ta. Goggo ta ce da suka koma asibiti, ma'aikaciyar jinya ta tambayi yarinyar da wa take hira, da wa take cin abinci, sai ta fashe da kuka. Aka ce ciwon damuwa ne, yana yawan kama yara masu farfaɗiya da ciwon kai, kuma shi ma ana maganinsa. Farfaɗiya kuwa, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta kwano.

Da aka sauke tuwo, sai na ga ƙanwata ta ciro kwanon nan mai jan fenti. Ashe da shi ta taho, Goggo ta yi ta yi, yarinyar ta ƙi rabuwa da shi. Na wanke hannu na matsa zan sa a ciki. Sai ta riƙe mini hannu a hankali, ta ce in bari, ba ta so in kamu, ni ce mai taimakon Inna. Shekara biyu ina gudunta, ita kuwa lafiyata take tsarewa. Na ci tuwon nan ina kuka, kunya kamar in nutse.

Alhamdu lillahi ta samu sauƙi, yau ɗinki take yi a Kalgo, tana dariya da mutane. Amma waƙar daka ba ta dawo ba.

Na rubuto muku ne saboda iyaye da yayye. Mun yi ta ƙirga faɗuwarta, ba mu taɓa tambayar me ke cin ranta ba. In yaronku mai wannan lalura ya yi shiru, kada ku ce natsuwa ce. Ku ja shi da hira, ku gaya wa likita, in an kawo abinci ku ba shi wuri ya sa hannu a kwanonku. Ni dai har yau in mun haɗu kan kwano ɗaya, tura mata kifin nake yi gabanta, ina jiran ranar da za ta sake sace shi da kanta.