Baba Azeez, Mutumin Da Ya Ƙi A Rage Yatsa Biyu

Kullum bayan sallar asuba, kafin masu ƙosai su hura wuta, Baba Azeez Olamide ya riga ya jingine tsohon babur ɗinsa a ƙofar wata ƙaramar ma'aikatar gilashi a Funtua. Tef ɗin awo na rataye a wuyansa, har ana tsokanarsa cewa da shi yake wanka. Sai ya share ɗaki da kansa, ya kunna tanderu, ya bi gilasan ranar ɗaya bayan ɗaya yana wankewa. Haka yake yi shekara ashirin da biyu. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin idanu sun fara yi masa gardama.

Iyayensa daga Ilori suka zo cinikin goro, shi kuwa a nan aka yanke masa cibiya. Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi, musamman in zai ce a'a.

Aikinsa gasa gilashi ne. Baƙo in ya ji haka yakan tambaya ko da yaji ake ci. Ga yadda abin yake: a yanka gilashi daidai awo, a huda inda za a huda, a goge bakinsa ya yi sumul. Sannan a tura shi cikin tanderu mai zafin da ya haura digiri ɗari shida, Baba na leƙe ta wata 'yar kafa. In ya daɗe ya lanƙwashe, in an yi gaggawar fito da shi ya tarwatse. Yana fitowa manyan fankoki su buga masa iska sama da ƙasa lokaci ɗaya, bayansa ya sandare kafin cikinsa ya huce. Daga nan ya yi ƙarfi ninki huɗu ko biyar, kuma ko ya fashe ba ya tsagewa ya zama wuƙa, sai dai ya zube ƙanana kamar tsakuwa. Sharaɗinsa ɗaya ne: wanda ya fito daga wuta ba a ƙara yanka shi, ba a ƙara huda shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, a nan aka sami matsala, domin mu mutanen ƙasar nan ba mu san abin da ba a ragewa ba. Tela ya ɗinka riga da yalwa, a rage. Kafinta ya kawo ƙofa, a fere ƙasanta a tsakar gida. Shi ya sa Baba ba ya karɓar awon kowa. An kawo masa awon taga da karan dawa, an kawo masa da igiyar guga, wani daga Mahuta ma ya zo da hannuwansa a buɗe tun daga tasha yana cewa kada a taɓa shi. Duk sai ya yi musu sannu da hanya, ya hau babur ya je ya auna da kansa.

Sau ɗaya tak ya karya wannan doka, kuma har yau in an tuna masa sai ya sunkuyar da kai.

Alhaji Murtala, babban dillalin masara na Dayi, ya gina wa yaran unguwarsu makarantar rainon yara, ya ce sai an sa mata ƙofar gilashi irin ta asibitin birni. A makon nan zazzaɓi ya kwantar da Baba, ga buɗe makaranta an sa ranar Asabar. Alhaji ya zo har gida da takardar da magininsa Kabiru ya rubuta awo da tef. Sau uku Baba yana tambayarsa ko wannan shi ne awon, sau uku Alhaji yana cewa shi ne. Abin da bai faɗa ba shi ne, a cikin mota ya ciro biro ya ƙara yatsa biyu a faɗi. Ba mugunta ba ce. Mutumin da ya shekara arba'in bai taɓa auna mudu bai ɗora gyara a kai ba, hannunsa ba zai iya miƙa awo tsurarsa ba.

Ranar Laraba Baba ya ɗan sami sauƙi, ya raka ƙofa Dayi, aka ɗaga ta, ta ƙi shiga. Alhaji ko a jikinsa. Ya ce ai dama ya ƙara ne don a sami na ragewa, a ɗauko abin yanka.

Baba ya ce, "Alhaji, wannan ta ga wuta. Ba a rage ta. Sai dai a faɗaɗa bangon."

Alhaji ya ce bangon da aka gama yi wa fenti da tayil babu mai taɓa shi. Ya ƙara da cewa ya ga an rage ƙarfe, ya ga an rage dutse, balle gilashi. Suka yi ta ja har aka kira azahar. Baba ya tafi masallaci bayan ya roƙi kowa da girman Allah kada a taɓa ƙofar.

Yana raka'a ta biyu ya ji ƙarar injin gurza ƙarfe, sannan ya ji wani tas, sannan shiru. Liman da kansa ya ba da shaida cewa ya ji nishin Baba daga sahu na uku. Da aka fito, sai ga Kabiru tsaye da inji a hannu, ƙofa kuwa ta zube a gabansa kamar an farke buhun gishiri. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Nan fa ran Alhaji ya ɓaci. Ya ce wannan gilashin rainin hankali ne. Yanzu zai aika Malumfashi a yanko masa gilashi na gama-gari, mai jin magana, a sa kafin Asabar, domin ya gayyaci mutane kuma ba zai ji kunya ba. Baba ya san abin da hakan ke nufi: gilashi mai tsayin mutum, ɗanye wanda bai ga wuta ba, a ƙofar ɗakin da yara 'yan shekara huɗu za su riƙa guje-guje. Bai ɗaga murya ba. Ya tsinto ragowar gilashin taga da magina suka yar, ya doka da ƙasa, ya ɗauki tsagi ɗaya mai tsawon kamu. Sannan ya cusa ɗaya hannun cikin tarin ƙofar da ta zube, ya damƙo, ya buɗe tafinsa babu jini. A gefe jikar Alhaji, Najiba, tana tsaye da sabuwar jakar makaranta da ta ƙi cirewa tun Litinin.

Ya miƙa wa Alhaji hannuwan biyu ya ce, "Ranka ya daɗe, wata rana ɗaya daga cikin biyun nan zai zubo wa yarinyar nan. Kai ne kakanta, ka zaɓa. Laifin awo nawa ne, da ban zo da kaina ba. Amma in aka sa ɗanye a nan, ni zan zauna a bakin ƙofar nan in hana kowane yaro shiga."

Alhaji ya dubi tsagin, ya dubi Najiba, ya ce a fasa aikawa Malumfashi. Ranar Asabar aka buɗe makaranta da labulen atamfa a ƙofa. Duk baƙon da ya tambayi ƙofar da aka yi ta yi musu labari, sai Alhaji ya gyara babbar riga ya ce tana kan wuta. Bayan mako ɗaya Baba ya kawo sabuwa, ta zauna daram.

Shekara biyu bayan haka, ana saura kwana uku babbar sallah, ragon layyar Alhaji ya tsinke igiya ya shiga harabar makaranta. Ya hangi wani rago a cikin ƙofar gilashi yana kallonsa ba kunya. Ya ja da baya, wancan ma ya ja. Malama Naja'atu, wadda ke koyar da ajin, ta ce sau huɗu yana karo, ƙofar na riƙewa, tana ta janye yara, amma yara goma sha tara ba sa janyuwa da hannu biyu. A na biyar ƙofa ta zube a kan waɗanda ke gaba, har da Najiba. Aka kakkaɓe su, aka tsefe wa 'yan mata kitso ana fitar da tsakuwar gilashi. An sami ƙujewa biyu da kuka mai yawa. Babu wanda aka kai asibiti.

Washegari Alhaji ya iso Funtua da mudu cike da ɓaraguzan ƙofar, ya dire a gaban Baba. Ma'aikata suka taru suna jiran faɗa. Sai ga hawaye a idon Alhaji. Da ƙyar ya ce, "Malam Azeez, na ƙirga su sau uku. Goma sha tara, duk da ƙafafunsu suka koma gida. Ka hau babur ɗinka ka je ka auna. Na bar biro a gida."

Baba Azeez, kai ne mai a'a mai albarka. Kai ne ka yarda babban mutum ya yi fushi da kai mako guda don kada wata uwa ta yi kuka shekara da shekaru. Ba a rubuta sunanka a jikin ƙofa ko ɗaya ba, kuma yawancin waɗanda aikinka ya kare ba su san an kare su ba. Mu da muka sani muna ƙaunarka, kuma zuciyarmu ba ta so ka tafi.

Mun gode. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya sa ka huta lafiya. Masu sana'a na ƙasar nan, tela da magini da mai walda, ku ɗauki darasi: ku je ku auna da kanku, ku faɗa wa mai kuɗi gaskiya ko da zai ɓata rai. Gyara kuma a bar wa masara.