Rigar Lawali a Jikin Bango

Mun tashi daga Gummi da asubar Talata, ana sallame salla, ni da mijin ɗiyata. Shi ya zo ɗaukata. Saƙonsa gajere ne: wasu matasa daga Gusau sun haɗa ƙarfinsu sun yi fim a ƙauyen su ɗiyata na bakin gulbi, za a nuna wa mata, ɗiyata kuma ta ce lallai a zo da Inna ta gani. Shekara shida ke nan ko gaisuwa ba ta aiko mini ba. Na ɗaura zanena baƙi na saƙi, na ƙulle goro, na ce mu tafi.

Bari in faɗa muku dalilin shirun tun yanzu. Shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyukan Anka da Bukkuyum, lokacin da maza ke kawo dutsen zinari gida mata na dakawa a turmin hatsi, ɗan ɗiyata na fari ya rasu yana ɗan shekara huɗu. Na je makoki na tarar tana birgima a tsakar gida gaban dangin miji. Ni kuwa ungozoma ce, rabin Gummi ni na yanke masu cibiya, na rasa miji da 'ya'ya uku ba wanda ya ga hawayena. Kowa ya san uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a idon mutane, balle kuka. Na damƙi hannunta na ce ta share ido kada ta ba mu kunya. Ta share. Daga ranar ba ta sake kuka ba, ba ta kuma sake yi mini magana ba.

Ƙaramar bas muka shiga, ɗari bakwai zuwa Anka, mutum huɗu a kujera, ga akuya a ƙarƙashin ƙafafuna. A Daki Takwas na sayi hoce da ƙuli-ƙuli. Surukina, bawan Allah, ba ya cin abinci a gabana, sai ya juya fuska wajen taga ya ce ya ƙoshi. Har muka wuce Nasarawar Burkullu cikinsa da akuyar suna gasar kuka. Can gefen hanya na ga samari sun fito daga wajen injin niƙa dutse, fari fat da ƙura tun daga gashin ido har tafin ƙafa, kamar waɗanda aka tono. Ɗaya ya ɗaga mana hannu. Ba wanda ya mayar masa.

Da hantsi muka sauka Anka. Na sha furar wata Bafillatana ta hamsin, nono mai kyau, ba ruwa. Da muka bi ta gaban asibitin da aka riƙa kai yaran da gubar ta kama, surukina ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba sai da muka wuce. Muka hau kabu-kabu biyu, don suruki ba ya hawa abu ɗaya da suruka, muka sha gargada har bakin ruwa, wani tsohon masunci ya ƙetare da mu a kwalekwale.

Abin da ya fara taɓa ni a ƙauyen shi ne shiru. Rana tsaka, amma ba ka jin taɓarya ko ɗaya. An ce tsofaffin turamen an binne su a rami tare da ƙasar gidaje, daka kuma can bayan gari ake yi yanzu. Ƙasar tsakar gidan ɗiyata ba wadda na sani ba ce. An kankare ta an zubo wata jajaya daga daji, har sawun yaran an kwashe. Na dubi yaran da suka kewaye mu: ga na goye, ga masu tatata, ga waɗanda suka isa kiwo da talla. Tsakani kuwa giɓi, kamar bakin da aka cire wa haƙoran gaba.

Ɗiyata ta durƙusa, ta ajiye mini ruwa, ta tashi. 

Bayan azahar aka tara mu a ɗakin makaranta, aka toshe tagogi da tabarmi, aka ta da janareta. Wadda ta shirya fim ɗin, wata siririya mai tabarau, ta ce labarin gidan wani masunci ne da ya bar taru ya koma haƙar zinari, kuma matan garin ne suka ba ta shi gutsure-gutsure. Haske ya faɗa bango. Ga gulbin da na ƙetaro ɗazu, ga kwalekwalen, ga mace tana daka, farar ƙura na sauka a kan tuwo.

Sai wani yaro ya fito da gudu ya ba mu baya. Na tsura masa ido. Rigar da ke jikinsa koriya ce mai aljihu ɗaya, kafaɗar hagu da ɗinkin baƙin zare. Ni na saya wa jikana ita a kasuwar Gummi da ƙaramar salla, ni na ɗinke kafaɗar ranar da ƙaya ta kama shi. Ashe uwar ta ajiye ta shekara shida, ita ta ba masu fim aro. Yaron bai taɓa juyowa ba har fim ɗin ya ƙare. Kullum ƙeyarsa kake gani, yana tafiya wajen ruwa.

Aka zo wajen makoki. Ga uwa a ƙasa, ga wata tsohuwa ta shigo da baƙin zane na saƙi, ta damƙi hannunta.

"Ke, share idonki. Ɗan hwari na. Kada ki ba mu kumya."

Ko kalma ba a sauya ba. Na gyara zama, na ɗaga kai, ina jira ɗakin ya juyo ya dube ni. Ba wadda ta juyo. Duk tsofaffin da ke wurin ƙasa suke kallo, kowacce tana tsammanin da ita ake.

A ƙarshe uwar da ke cikin fim ɗin ta je bakin gulbi, ta buɗe baki za ta kira ɗanta, sai bango ya yi baƙi. Wata ta tambayi mai tabarau me ya sa ba a ji sunan ba. Ta ce matar da ta ba su rigar ta ba su komai, amma sunan ta kasa faɗa, su kuma suka ga ba su da ikon ƙirƙiro wani.

Da la'asar na bi ɗiyata gulbi, tana ɗauke da tulu. Ba kowa sai balbelu. Ta tsaya, ba ta dube ni ba.

"Inna, ke kaka ta, bakinki na iyawa. Kira man shi in ji."

Na buɗe baki, sai na rufe. Na ce, "A'a. Ke kika haihe shi. Kira abinki, ba mai ji sai ni da ruwa. Ni na hana ki, ni na ce ki yi."

Ta fuskanci ruwa. Sannan ta kira, da muryar da ta yi tsatsa: "Lawali."

Daga waccan gaɓar aka amsa, siririyar murya: na'am.

Na sani, a ƙasarmu kusan kowane gida da Lawalinsa, kuma ruwa yana kai murya nesa. Amma na duba iya ganina, ban ga kowa ba sai karan rafi yana kaɗawa. Tulun ya suɓuce mata. Ta faɗo jikina, kukan shekara shida ya ɓalle, ni ma da mutanen Gummi ba su san launin hawayena ba na jiƙa mata kallabi.

Kwana uku na yi. Ranar Juma'a ita da kanta ta rako ni har kwalekwale, ta cusa mini busasshen kifi da daddawa, tana yi mini faɗa kan cin goro. Surukina ya sake shan yunwa har Gummi. Wannan kam ban ce a sauya ba. Na isa gida ana kiran magariba.

Tafiyar nan ta koya mini cewa kunya ado ce, kamar zanen saƙi, amma ba a ɗaure bakin rauni da ita. Ran Lahadi aka kira ni haihuwar fari a unguwarmu. Da na yanke cibiya, ban miƙa jaririn ga kakarsa ba kamar yadda na saba. Na ɗora shi a ƙirjin uwarsa, na ce ta dube shi da kyau, na juya masu baya.