Tabon Kumatun Inna Suwaibatu

Ban taɓa ɗauka rana na barin tabon da zai dami mutuminmu ba. A can inda na yi karatu, Turawa na ji suna wannan kuka. Har yanzu ma ina kokwanto ko tabon ne ke damun Inna Suwaibatu, ko bakin mutane.

Inna Suwaibatu 'yar Mairuwa ce, aure ya kawo ta Ƙanƙara. Doguwa ce, fara tun haihuwa. Tun da ƙuruciyarta take shiƙar hatsi a bakin kasuwa. A sauke mata buhun masara ko dawa, ta tsaya a fili inda iska ke kaɗawa, don shiƙa ba ta yiwuwa a cikin rumfa. A unguwa kuwa an san ta da abu guda: ba ta raga wa mai bilicin, ko 'yar wace ce. Ta taɓa ƙwace kwalbar man jikarta Shafa'atu ta jefa a masai.

Sai ga baƙin tabo ya fito mata a kumatu da bayan hannu, daidai inda bilicin ke ƙona masu shafa shi. A wajen wani suna, maƙwabciyarta Zulaihatu ta ce, "Inna, ashe ke ma kina ɗan taɓawa? Faɗa mana sunan naki mu guje shi." Aka kwashe da dariya. Inna ta yi ta rantsuwa, ba wanda ya saurara.

Daga ranar, in ta buɗe baki za ta yi wa yarinya faɗa, sai yarinyar ta ƙura wa kumatunta ido. Abin da ya fi ci mata rai, Shafa'atu ta sayo sabuwar kwalba, ko ɓoyewa ba ta yi.

Inna ta hau mashin ta tafi asibiti don a wanke ta daga zargi. Wata ma'aikaciya ta duba, ta ce ba cuta ba ce, rana ce da shekaru. Ta ce ta riƙa sa malfa, ta kuma rubuta mata man da zai dusashe tabon. Inna ta roƙe ta ta zo unguwa ta faɗa da bakinta, ita ko ta ce aiki ya yi mata yawa.

Malfa dai ta saya, tana ɗora ta bisa hijabi, yara na yi mata tsiya wai ina shanunta. Man kuwa ta ƙi saye.

Na tambaye ta dalili.

"Man da ke sa baƙi ya yi haske?" ta ce, tana kakkaɓe ƙaiƙayi daga zanenta. "In na shafa shi, ɗan nan, da wane baki zan ce ƙarya Zulaihatu ta yi mani?"