Maƙerin da Ya Auna Ƙafar Kura

Ranar da Hajiya, shugabar makarantarmu, ta kira ni ofis ta ce za a ƙara mini darussa huɗu a mako, ba murna ce ta fara zo mini ba, kakata Iya Hajo ce ta faɗo mini a rai. Ni malamin walda da aikin ƙarfe ne a wata sakandare a cikin Daura. Sabuwar manhaja ta zo da cewa kowane ɗalibi ya fita da sana'a a hannunsa, abin da na daɗe ina roƙon Allah a kai. Sai dai darussa huɗun nan daga hannun Malam Isiyaku za a karɓo su, dattijon da ke koyar da adabin Hausa da tarihi. In aka karɓe, 'yan ajin sana'a sun rabu da shi ke nan, shi kuma a tura shi wata makaranta can wajen Mashi, alhali saura shekara biyu ya yi ritaya.

Hajiya ta ce, "Ranar Alhamis za mu zauna da malamai. Kai dai ka ce kana buƙata, Malam Sabi'u, magana ta ƙare."

Na ce to. Na fito ina jin ƙamshin hayaƙin karan dawa a hancina, ba kuwa wanda ya hura wuta a makarantar.

A wani ƙauye kusa da Babban Mutum na tashi. Idan an gama kaka sanyi ya sauko, da an ci tuwo sai Iya Hajo, mahaifiyar babanmu, ta sa a tara kara a ƙofar ɗakinta a hura wuta. Ta zauna a kan tsohuwar tabarmarta, ta jawo taskira da mazari, ta shafa alli a yatsu ta kama kaɗi. Mu kuwa jikoki mu kewaye ta, mu bakwai, wani lokaci har da 'ya'yan maƙwabta. Ba ta da tsawo, muryarta kuma ba ta da ƙarfi, amma in ta buɗe baki ko tari ba mai yi.

Tana da doka guda wadda ba ta sassauta wa kowa. Ba a jin tatsuniya a wurinta hannu na zaune. Ko ka ɗauki ƙwaryar gyaɗa ka ɓare, ko ka gurza mata auduga, ko ka kama tufkar igiyar rama. Idan ta ga wani ya naɗe hannu a riga saboda sanyi, sai ta tsayar da labari a daidai inda ya fi daɗi, ta yi ta murza mazarinta kamar ba ita ba. Mu sauran mu yi ta harararsa har ya fito da hannun. Amma dokar ita ma ta ɗaure ta. In muka kama aiki ta yi shiru, muna da ikon ajiye ƙwarya mu ce ba ma yi, ta kuwa yi dariya ta ce mun fi ta gaskiya.

Ni ta fi tsokana. "Kai maigida," haka take kirana, "wane irin miji ne wannan, gyaɗa goma tun magariba? Zan sake ka in auri Habu." Habu kuwa ƙanena ne, ko wando bai iya ɗaurawa ba a lokacin.

Ba ta fara labari yadda sauran tsofaffi ke farawa. Cewa take, "Ga wata baƙuwa a ƙofa, wa zai matsa mata?" Mu haɗa baki mu ce, "Mun matsa, ta shigo." Tatsuniyoyinta ba sa ƙirguwa, amma wadda ta zauna mini ita ce ta maƙeri da ɗan'uwansa.

Wai a wani gari an yi wata tsohuwa mai 'ya'ya biyu maza da akuya guda, wadda take tatsa ta dama fura. Babban ɗan maƙeri ne, ana ce masa Ƙera-kawai. Duk ƙasar ba mai hannu irin nasa. Ka ce masa ga abin da kake so, kafin ka sha ruwa ya ƙera maka, amma tun da yake bai taɓa tambayar kowa me za a yi da abin ba. Ƙaramin ana ce masa Sani-duka. Ya san sunan kowane tauraro, ya san tarihin garin tun daga rijiyar farko, ya san halin kowace dabba. Amma ko turke bai iya kafawa ba. A garkensa akuyar uwarsu take kwana, igiyar ƙyauren garken kuwa ta tsinke wata uku ke nan, kullum yana cewa gobe.

Garin na da katanga doguwa mai santsi, kura ta yi ta yi ta kasa hawa. Rannan sai ta sami mayafi ta lulluɓe, ta shigo da rana tsaka tare da 'yan kasuwa, ta nufi maƙera. Nan Iya Hajo kan ja gyalenta ta rufe rabin fuska, ta shaƙe murya. "Sannu da aiki, maƙeri. Ƙugiyoyi huɗu nake so, daidai ƙafata." Ƙera-kawai ya ce ta miƙo ƙafar.

"Ya kama ƙafar nan," in ji Iya, tana kama ƙafar wanda ya fi kusa da ita, "ya ga gashi buzu-buzu, ya ga farce zaƙo-zaƙo, ya ji wani wari. Bai ce uffan ba. Shi dai awo yake." Mu yi ta dariya har gyaɗa ta zube. Ya ƙera ƙugiyoyi huɗu masu kyan da ba a taɓa gani ba, kura ta yi godiya ta tafi.

Da la'asar Sani-duka ya biyo ta ƙofar maƙera, ya ga sawu a ƙasa, nan take ya gane. Ya ruga ƙofar mai gari ya tara jama'a, ya shiga bayani: ire-iren kuraye, da wadda ta zo zamanin kakan mai gari, da yadda ake bambanta sawun mace da na namiji. Mutane suka ji abin da za su ji, kowa ya sulale ya je ya ƙara ɗaure garkensa. Shi yana nan yana bayani har rana ta faɗi. Kura ta ɗaura ƙugiyoyinta ta haye katanga, ta bi garke garke ta tarar da su gam, sai guda ɗaya da ƙyaurensa ke lilo. Da gari ya waye tsohuwa ta fito da ƙwaryar tatsa, ba ta sami komai ba sai ƙaho da igiya.

Nan Iya kan ajiye mazari ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "To, wa ya ba kura akuyar uwarsu?"

Sai gardama ta kaure. Ni, da yake boko ba ta shiga kaina kuma ba abin da nake so kamar zaman maƙerar garinmu, kullum bayan Ƙera-kawai nake. Ai shi aikinsa ya yi, laifin mai surutu ne. Yayata Rabi, wadda ke zuwa ta ɗaya a ajinsu, ta ce wane irin wawa ne zai riƙe ƙafar kura bai tambaya ba. Mun sha kai wa ga dambe. Idan muka ce Iya ta raba mu, sai ta ce, "Baƙuwa ta tafi, ku rufe mata ƙofa," ta tattara audugarta. Shekara da shekaru ba ta taɓa ba mu amsa ba, kuma abin na ba ni haushi ƙwarai.

Na gama firamare da kyar, aka kai ni makarantar koyon sana'a. A ƙauyenmu a lokacin, in aka ce an kai yaro can, nufin mutane shi ne kansa ba ya ja. Na ji zafin wannan, har yau ban manta da waɗanda suka yi mini dariya ba. Iya Hajo kaɗai ta sa aka kira ni, ta ba ni ƙuli-ƙuli a ƙulle, ta ce, "Maigida, ka je ka iya. Ka iya sosai, kada ka dawo mini da rabin hannu."

Na iya kuwa. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai na buɗe rumfar walda a Daura. Wata rana wani mutum mai jigila ta hanyar Kongolam, bakin iyakar Nijar, ya kawo tsohuwar mota, ya ce in ƙera masa babban tanki a ƙarƙashin kujerar baya, yadda ba mai gani. Aiki ne mai tsoka, ni kuma ina ta neman wanda zai yaba hannuna. Na shiga motar na durƙusa na fara awo. Ina cikin awon, wallahi kamar a kunnena, na ji muryar tsohuwar nan a shaƙe: shi dai awo yake.

Na fito na ce, "Alhaji, me za a zuba a ciki?"

Ya ce, "Fetur mana. Ina ruwanka?"

Na ce, "A kan kujerar kuma mutane za su zauna?"

Ya ce in ba zan yi ba in faɗa masa, masu walda ba su ƙare ba a garin nan. Na ce ba zan yi ba. Ya ja motarsa yana zage-zage, ni kuma na zauna ina tunanin yadda saura kaɗan in ɗora mata da yara a kan wuta da hannun nan nawa.

Da na je gida na ba Iya labari. Ta tsufa tukuf a lokacin, ido ya tafi, ta daina kaɗi. Na ce, "Iya, ashe Rabi ce da gaskiya, laifin maƙeri ne." Ta yi murmushi ta laluba ta kama hannuna, tana shafa tabon ƙunar da ke kai. Ta ce, "Har yanzu kuna nan kuna neman mai laifi? Ni uwar nake tausayi. Mutum ɗaya ta so ta haifa, aka raba mata shi biyu." A daminar da ta biyo baya ta rasu, Allah ya ji ƙanta.

Wannan tsohuwa ba ta taɓa taka ƙofar aji ba, amma ban ga malamin da ya kai ta ba. Sai da na girma na gane cewa amsar da muke ta roƙo, kullum tana ba mu ita a bakin wutar nan: gyaɗa a hannu, labari a kunne, ba ta yarda a ba yaro ɗaya a hana shi ɗaya ba.

Ranar Alhamis malamai suka cika ɗakin taro. Malam Isiyaku na can ƙarshe da hularsa da ta koɗe, ya riga ya kwashe littattafansa daga kabad ya ɗaure su da igiya. Hajiya ta yi bayani, sannan ta ce, "Malam Sabi'u, kana buƙatar darussan nan ko?"

Na miƙe na ce, "Hajiya, ina buƙata, ƙarya ne in ce ba na buƙata. Injin walda biyu gare ni, yara sun fi arba'in. Amma ba na so a ba ni su ta wannan hanya." Ban iya dogon turanci ba, sai na ba su labarin kura, na ba su na tankin fetur. Na ce ni zan iya koya wa yaro ya haɗa ƙarfe da ƙarfe har a kasa gane mahaɗin, amma wanda zai sa ya ɗaga kai ya dubi mai ƙafar, ga shi can zaune. Na ce kuma 'yan ajin Malam da ke jin riƙe guduma ƙasƙanci ne, su ma a turo mini su.

An yi ta ja, wasu suka ce na yi wa kaina. Daga ƙarshe aka ba ni darussa biyu, aka bar wa Malam Isiyaku biyu, kuma Hajiya ta ce tunda ni na jawo, ɗaya daga cikin nasa a ɗakin aikina za a riƙa yin sa. Maganar Mashi ta mutu.

Mako na gaba ya shigo da littafinsa a hammata, yana taka ƙasa a hankali kada ya taka ƙusa. Yara na tsaitsaye a bakin tebura, kowa da guntun ƙarfe da magagarin gogewa. Ya gyara murya zai fara, na ɗauko wani magagarin na miƙa masa. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Sabi'u, ni da ban taɓa riƙe wannan abu ba?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a nan ba a yin labari hannu na zaune."

Ya ajiye littafin ya karɓa, ya riƙe shi a juye. Wata yarinya mai suna Hadiza ta zo ta gyara masa riƙon, ta danna masa ƙarfe a matsi. Ya goga sau biyu, ya tsaya, ya dube ta ya ce, "To 'yata, wannan da muke gogawa, me za a yi da shi?"

Na juya na fuskanci bango kamar ina gyara waya, don kada yara su ga idona.